Tashoshin Ko-ta-kwana: Wa Ke Shan Wuta, Wa Ke Shan Hayaƙi?

A shekarar 2001, Hukumar Wutar Lantarki ta jihar Niyok a ƙasar Amurka ta girka injinan gas guda goma a wurare shida cikin birnin Niyok, da hujjar cewa idan zafin bazara ya tsananta wuta ba za ta ishi birnin ba. Dokar jihar a wancan lokaci ta tanadi cewa duk tashar da ƙarfinta ya kai megawat 80 sai an yi mata dogon bincike kan illar da za ta yi wa jama'a da muhalli kafin a ba ta izini. A wurare huɗu an ajiye injinan bibbiyu, kuma kowane biyu idan aka haɗa ƙarfinsu ya haura 80. Sai hukumar ta yi alkawarin ba za ta bari su wuce megawat 79.9 ba. Da wannan ɗan ɗigo aka tsallake binciken. Biyu daga cikin wuraren nan suna kudancin Bronx, yankin da ke cikin mafiya talauci a Amurka, ɗaya kuma yana Sunset Park a Brooklyn, unguwar leburori da 'yan ci-rani. An gaya wa mazauna cewa injinan na wucin gadi ne. Jaririn da aka haifa a waccan shekara sa'ana ne, ya riga ya gama jami'a, baƙon da aka ce kwana kaɗan zai yi kuwa har yau bai ɗauki tabarmarsa ba.

Irin waɗannan injina su ne nake kira tashoshin ko-ta-kwana, kuma a kansu na ɗauki alƙalami. Masu kare su suna da kalmomi biyu da ba sa gajiya da maimaitawa: wai gas makamashi ne mai tsafta, wai kuma tashoshin ba sa aiki sai 'yan sa'o'i a shekara, don haka hayaƙinsu bai taka kara ya karya ba. Matsayina shi ne wannan lissafi na shekara rufa-rufa ne. Ana raba hayaƙin a kan kwana 365 da faɗin ƙasa guda domin ya zama ɗan kaɗan a takarda, alhali ana fitar da shi ne a kwanaki mafiya muni, a kan unguwanni ƙididdigaggu, cikin huhun mutanen da ba a taɓa tambayar ra'ayinsu ba.

Kafin a yi gardama, ya kamata a san abin da ake gardama a kai. Wutar lantarki ba hatsi ba ce da ake zubawa a rumbu. A tsarin da aka gada, abin da aka samar a wannan daƙiƙa shi ake sha a wannan daƙiƙa. Buƙatar jama'a kuwa hawa da sauka take yi. Da tsakar dare tana ƙasa, da yammacin ranar da aka yi tsananin zafi, lokacin da kowane gida da ofis ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, sai ta yi tsalle. Manyan tashoshin da ke aiki dare da rana ba sa iya bin wannan tsalle da sauri. Saboda haka aka ƙirƙiro ƙananan tashoshi masu injin farfela, dangin injin jirgin sama, waɗanda za a iya tayarwa cikin mintoci kaɗan, a kashe su da zarar buƙata ta lafa. Aikinsu ke nan: su zauna cikin shiri, a kira su idan ta ɓaci.

To, me suke samarwa? Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto a 2024, inda ya ƙirga tashoshin ko-ta-kwana 999 a ƙasar a shekarar 2021. Idan aka duba girman injina, suna riƙe da kimanin kashi 22 cikin ɗari na ƙarfin duk tashoshin ƙasar. Idan kuwa aka duba wutar da ta fito ta shiga gidajen mutane, kimanin kashi 3 cikin ɗari kaɗai suka bayar. Shekara tana da sa'o'i 8,760. Tashar da ta yi aiki kashi 5 cikin ɗari na wannan lokaci, sa'o'i 438 ke nan, wato ƙasa da kwana 19 idan aka jera su. Sauran kwanakin duka a zaune take.

A 'yan sa'o'in da take aikin ma, ɓarnarta ta fi ta 'yar'uwarta. Tashar gas ta zamani tana cin moriyar gas sau biyu: tana ƙona shi ya juya farfela, sannan ta kama zazzafar iskar da ta fito ta dafa ruwa, tururin ya juya wata farfelar. Da haka take mayar da kusan kashi 60 cikin ɗari na zafin gas ya zama lantarki. Tashar ko-ta-kwana ba ta da wannan mataki na biyu, domin shi ne ke jinkirta tashi, kuma shi ne mai tsada. Ita tana kama kashi 30 zuwa 40 ne, ragowar zafin ya bi bututu ya tafi sama. Ma'ana, domin ta haska ƙwan lantarki guda na tsawon awa guda, sai ta ƙona gas kusan ninki ɗaya da rabi na abin da tasha mai zagaye biyu za ta ƙona, ta kuma fitar da iskar kabon gwargwadon haka. Ga kuma iskar mitan da ke yoyo tun daga rijiya har bututu, wadda a cikin shekara ashirin take riƙe zafi fiye da iskar kabon kusan sau tamanin. Idan aka ce gas ya fi kwal tsafta an yi gaskiya, amma wanda ya fi mai haƙar kwal fari bai zama wankakke ba.

Sai dai ɗumamar duniya ba ita ce babbar tuhumata ba, domin a wannan fage manyan tashoshi sun fi laifi. Tuhumata tana kan abin da mutum ke shaƙa a ƙofar gidansa. Duk inda aka ƙona mai da tsananin zafi, sinadarin naitirojin da ke cikin iska yana haɗuwa da iskar da muke numfashi da ita ya zama hayaƙi mai ƙona hanyoyin numfashi. Wannan hayaƙi idan ya gamu da zafin rana sai ya rikiɗe ya zama ozon, gubar da ke tayar da ciwon asma, ta kuma galabaitar da tsofaffi da masu ciwon zuciya. Yanzu a duba yadda abin ya dace: ranar da aka fi zafi ita ce ranar da ozon ya fi haɗuwa, kuma ita ce dai ranar da ake tayar da tashoshin ko-ta-kwana. Hukumar kare muhalli ta jihar Niyok da kanta ta bayyana, lokacin da take tsara dokar 2019, cewa a irin waɗannan ranaku tsofaffin injinan suna iya fitar da fiye da kashi ɗaya bisa uku na duk hayaƙin naitirojin da tashoshin jihar ke fitarwa, alhali wutar da suke bayarwa ba ta kai ko kusa da haka ba. Ƙari a kan haka, na'urar tace hayaƙi ba ta aiki sosai sai ta yi zafi, injin da ake kunnawa ana kashewa kuwa yana ɓata wani kaso na lokacinsa kafin matatar ta gama ɗumi. Wasu tsofaffin, waɗanda aka girka tun wajen 1970, idan gas ya yi ƙaranci da hunturu kananzir ko man dizal suke ƙonawa.

Duk manomi ya san amsar masu lissafin shekara. Ruwan damina guda idan ya sauka a hankali cikin wata huɗu, albarka ne; idan ya zuba cikin kwana uku, ya tafi da gona da gida. Yawan ruwan bai canja ba, kuma mai ma'aunin ruwan sama zai rubuta adadi ɗaya a littafinsa, amma wanda gininsa ya rushe ba ruwansa da littafin. Huhun yaro ma haka yake. Bai san jimillar shekara ba, abin da ya sani shi ne yammacin da numfashinsa ya sarƙe aka ruga da shi asibiti.

Wane yaro ne kuwa? Ƙawancen ƙungiyoyin unguwanni mai suna PEAK, wanda ya ƙunshi mazauna Bronx da Brooklyn, ya ƙiyasta a 2021 cewa kimanin mutum 750,000 ne ke zaune a tazarar da ba ta wuce mil guda ba daga tashoshin ko-ta-kwana na birnin, kuma fiye da kashi uku bisa huɗu nasu masu ƙaramin ƙarfi ne ko waɗanda ba farar fata ba. Rahoton majalisa na 2024 shi ma ya gano cewa a faɗin Amurka al'ummomin da aka daɗe ana danniya a kansu sun fi kusa da waɗannan tashoshi. Yankin Mott Haven na kudancin Bronx har laƙabi aka yi masa da lungun asma, saboda yawan yaran da ake kwantarwa asibiti. A gundumar Bronx ɗin nan ne dubban 'yan Afirka ta Yamma suka yada zango, cikinsu har da Hausawan zangunan Ghana. Za a ce ai manyan titunan da suka keta unguwar da dubban motocin dakon kaya da ke shiga kasuwar abinci ta Hunts Point sun fi tashoshin fitar da hayaƙi. Na yarda. Amma wannan hujja a kan mai ita take komawa. Unguwar da aka riga aka ɗora wa titi da juji da motocin dizal, ita ce ta fi cancanta a raba ta da ƙarin kaya, sai ga shi ita aka zaɓa, domin filinta ya fi araha kuma muryarta ba ta kai inda ake yanke hukunci. Ruwa ba ya tsami banza. Da an kai injinan nan gefen hasumiyoyin Manhattan da suka fi kowa shan wutar, da ba su yi shekara guda ba, balle ashirin.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke riƙe da tashoshin a raye. Tun da ba sa sayar da wuta mai yawa, an tsara wata kasuwa ta daban inda ake biyan mai tasha ladan zama cikin shiri, ko ya kunna inji ko bai kunna ba. Kuɗin yana fitowa ne daga takardar wutar da kowane gida ke biya. Wani rahoton ƙawancen PEAK na 2020 ya ƙiyasta cewa cikin shekara goma mazauna birnin Niyok sun biya kimanin dala biliyan 4.5 a wannan ladan zama, wato wajen dala miliyan 450 duk shekara. Tsohon injin da ya daɗe da mayar da kuɗin sayensa, wanda ba ya cin mai sai jefi-jefi, kuma ake biyan mai shi don yana nan kawai, wace riba ce ta fi wannan sauƙi? Mai irin wannan kadara ba zai taɓa cewa lokacinta ya wuce ba. Matar da ke kudancin Bronx kuwa sau biyu take biya: ta biya ladan injin a takardar wuta, ta biya maganin ɗanta a kantin magani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba zan yi wa abokan gardamata rashin adalci ba, suna da hujja mai nauyi. Suna cewa idan wuta ta ɗauke a ranar tsananin zafi, mutane mutuwa suke yi, kuma talakan da ke hawa na goma ba tare da sanyi ko na'urar hawa ba shi ne zai fara. Niyok ba ta manta da duhun 1977 da na watan Agustan 2003 ba. Suna kuma nuni da cewa a watan Afrilun 2021 an rufe tashar nukiliya ta Indian Point, mai ƙarfin kimanin megawat 2,000, wadda ba ta fitar da hayaƙi, kuma gas ne ya cike yawancin giɓin da ta bari. Duk wannan gaskiya ne, kuma rufe waccan tasha kafin a tanadi magajinta ganganci ne da masu fafutukar muhalli da yawa suka yi wa tafi. Ni ma ba na kiran a kashe injina gobe da safe a bar birni cikin duhu.

Abin da na ƙi shi ne yadda ake mayar da larura ta zama sana'a. A 2019 jihar Niyok ta kafa dokar da ta ce wutarta ta zama marar hayaƙi baki ɗaya kafin 2040. A wannan shekarar ta sanya wa tsofaffin injina iyakar hayaƙin naitirojin, mataki na farko a 2023, na biyu a 2025, wanda bai iya cikawa ba ya rufe. Shekara shida aka bayar domin shiri. Amma a ƙarshen 2023 hukumar da ke tafiyar da babban layin wutar jihar ta sanar cewa birnin zai rasa megawat 446 a bazarar 2025, don haka wasu tsofaffin injinan da ke kan kwale-kwalen ƙarfe a gaɓar Brooklyn, a Gowanus da Narrows, sai su ci gaba da aiki bayan wa'adi. Su ne dai na gefen Sunset Park. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji masu iya magana, amma a nan da gangan ake barin goran har ranar tafiya, domin a ce wa matafiyi ya haƙura da tsohon. An yi haka a 2001 da sunan gaggawa, an sake yi a 2023 da sunan gaggawa. Gaggawar da ta shekara ashirin tana maimaita kanta a unguwa ɗaya ta tashi daga gaggawa, ta zama tsari.

Shi kansa gas ɗin da ake yi wa kirarin mai cika alkawari, ya saɓa a ranar da aka fi buƙatarsa. A watan Fabrairun 2021 sanyi mai tsanani ya sauka a jihar Teksas, rijiyoyi da bututun gas suka daskare, miliyoyin gidaje suka kwana cikin duhu, fiye da mutum 200 suka rasa rayukansu. Binciken hukumomin tarayya ya nuna cewa tashoshin gas ne suka fi yawa cikin waɗanda suka gaza. Injin da ke jiran kira ba shi da amfani idan bututun da ke ciyar da shi ya toshe.

Shin akwai abin da zai maye gurbinsu? Da a shekarar 2001 aka yi wannan tambaya, da amsar ta yi wuya. Yau ba haka ba ne. Farashin batirin litiyam ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2023, kuma aikin tashar ko-ta-kwana, wato ba da wuta mai yawa na 'yan sa'o'i, shi ne ainihin abin da batir ya ƙware a kai. Yana amsa kira cikin ƙiftawar ido, kuma ba shi da bututun hayaƙi. A garin Oxnard na jihar Kalifoniya, garin ma'aikatan gona, an so gina sabuwar tashar gas mai megawat 262 a bakin teku. Mazauna suka ƙi, a 2017 hukuma ta nuna ba za ta amince ba, aka koma kan batura, cikinsu har da rumbun megawat 100 da ya fara aiki a yankin a 2021. A jihar baki ɗaya, ƙarfin batura ya tashi daga ƙasa da megawat 1,000 a 2019 zuwa sama da 10,000 a 2024. Suna cika cikinsu da wutar hasken rana da tsakar rana, su juye ta da magariba, daidai lokacin da a da ake tayar da injinan gas. A Niyok ma, a watan Oktoban 2021 hukumar muhalli ta hana izinin sabunta tashar gas ta Astoria saboda ta saɓa wa dokar 2019, kuma birnin bai faɗa duhu ba.

Batir yana da nasa rauni. Yawancinsu sa'a huɗu suke ɗauka, zafin da ya yi kwana biyar a jere kuwa yana buƙatar fiye da haka. Suna iya kama wuta, kamar yadda aka gani a Moss Landing a watan Janairun 2025. Saboda haka maganin haɗi ne: batura, da sababbin layukan da za su kawo wuta daga nesa, da biyan manyan gine-gine su rage sha a sa'o'in cunkoso, sannan a bar 'yan injina mafiya tsafta domin ranar da komai ya gaza. Amma a fara rufe mafiya ƙazanta da mafiya kusa da gidajen mutane, a sanya rana, kuma ranar ta zama mai hukunci. Dokar jihar ta 2023 ta umarci hukumar nan ta 2001 da ta dakatar da injinanta kafin ƙarshen 2030, sai dai an bar ƙofar cewa idan ana buƙatarsu za su ci gaba. Ta irin wannan ƙofa aka shigo da su tun farko.

Mai karatu a Kano ko Kaduna zai iya cewa wannan rigimar ƙoshi ce, mu da ko wutar ba mu gani ba. Ina da amsa. Yawancin tashoshin gas da Najeriya ta gina a ƙarƙashin shirin tashoshin haɗin gwiwa na ƙasa, irin su Geregu da Omotosho da Ihovbor da Kalaba, masu zagaye ɗaya ne, wato irin injin da Amurka ke ajiyewa domin 'yan sa'o'i shi muke son ya yi mana aikin dare da rana, yana zubar da kusan kashi biyu bisa uku na zafin gas ɗinmu a sama. A 2020 kuma aka ƙaddamar da shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, tare da shirin kafa tashoshi a kan hanyarsa. Ina maraba da wutar, domin tashar gas ta fi dubban janaretocin da ke turnuƙe kasuwanninmu sauƙin illa. Amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tun kafin a kafa tubali ya kamata mu tambaya: wane irin inji ne, mai zagaye ɗaya ko biyu? A wace unguwa za a ajiye shi, kuma ina iska ke kaɗawa da hunturu, lokacin da ƙura ta riga ta cika ƙirjin yara? Wa zai auna hayaƙin, kuma a ina za a lika sakamakon domin jama'a su gani?

Buƙatata ga duk mai mulki, a Niyok ko a ko'ina, ba ta da sarƙaƙiya. A daina auna waɗannan tashoshi da jimillar shekara. A wallafa hayaƙinsu awa-awa, unguwa-unguwa, a jera shi kusa da adadin yaran da aka kai asibiti a waɗannan ranaku. A wallafa ladan zaman da aka biya kowace tasha kusa da wutar da ta bayar. Duk izinin da aka kira na wucin gadi a rubuta ranar ƙarewarsa, tare da tarar da za ta faɗa kan wanda ya kasa tanadin magaji. Idan bayan an yi haka masu tashoshin suka ga har yanzu hayaƙin bai taka kara ya karya ba, to hanya a buɗe take: su nemi izinin girka na gaba a layin gidajensu.